Gurbin Jami'a: Tsakanin Rabo, Ƙoƙari da Haƙƙin Wani

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa bisa hikimarSa, Ya kuma ɗora wa kowane baligi mai hankali nauyin abin da hannunsa ya aikata. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, akwai wasu tambayoyi da ke dawo wa limamai kowace damina, lokacin da ake jiran sakamakon jarrabawar bakaloriya, wadda muke ce wa bak. Wani uban yakan ce, “Malam, ko yaron nan yana da rabon shiga karatun likita?” Wani ya ce a taya shi da addu'a. Wani kuma ya sassauta murya ya ce an nuna masa wata hanya, yana son ya ji ko ta halatta. A baki tambayoyi uku ne, amma tushensu ɗaya: gurbin da mutane da yawa ke nema, kaɗan ke samu, shin rabo ne ko sakamakon ƙoƙari, kuma me ya halatta Musulmi ya yi domin ɗansa ya same shi?

Ƙuncin ƙofar

Wajibi ne mu fara sanin girman abin da muke magana a kansa. Yaron da ya shiga lakwal a Barmu, ko Kalfu, ko Afala, sai ya yi shekara 6 a firamare, ya yi 4 a kwaleji ya ci jarrabawar BEPC, sannan ya yi 3 a lise. Shekara 13 ke nan idan bai maimaita aji ba. A ƙarshensu ne zai zauna bak, jarrabawar da a shekarar 2021 waɗanda suka ci ta a faɗin Nijar ba su kai kashi 25 cikin 100 ba. Kuma cin bak ɗin ma hawa-hawa ne. Mai maki 10 bisa 20 ya tsallake, amma yabo yana farawa daga 12, sai 14, sai 16, kuma ana duba yawan maki da shekarun haihuwa wajen rabon bursu. Akwai kuma makarantun da ba a shiga sai an sake cin jarrabawar gasa, kamar EMIG ta Yamai, inda ake horar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu.

Jami'ar Yamai ta fara a matsayin cibiyar karatu mai zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, kuma ita kaɗai ce jami'ar gwamnati har 2010, shekarar da aka kafa na Maraɗi da Damagaram da tamu ta Tawa, wadda ke ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Jibo Hamani. A 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ƙofofi sun ƙaru, amma masu ƙwanƙwasawa sun fi su ƙaruwa, kuma waɗanda kowa ke ɗoki, wato likitanci da injiniyanci da bursun ƙasashen waje, har yanzu ƙanana ne. Hanyar Faransa, wadda manyan ƴan bokonmu da yawa suka bi, ta ƙara tsukewa bayan juyin mulkin 2023 da rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024.

Ɗaliban madarasa ma suna da nasu ƙuncin. Madarasar farko mai haɗa Larabci da Faransanci an buɗe ta a Sayi a 1957, kuma a nan Sayi aka buɗe Jami'ar Musulunci a 1986, bisa shawarar taron shugabannin ƙasashen Musulmi na Lahor a 1974. Duk wanda ya taɓa neman gurbi a Azhar ta Masar ko Jami'ar Madina ya san masu nema sun ninka masu samu. Abin kuma bai tsaya a ƙasarmu ba. A Sin, fiye da ɗalibai miliyan 13 suka zauna jarrabawar shiga jami'a a 2024. Jami'ar Harvard ta Amurka ba ta ɗauki ko mutum 4 cikin kowane 100 da suka nema a 2022 ba. Duk inda kujera ta yi kaɗan, zuciya takan shiga jarraba.

Ɓata biyu a cikin sha'anin ƙaddara

Malaman tauhidi sun daɗe da bayyana ƙungiyoyi biyu da suka kauce a wannan babi. Jabariyya suka ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan. Ƙadariyya suka ce bawa shi ke halittar aikinsa, babu ruwan ƙaddara. Mai yiwuwa mutumin Adar bai taɓa jin waɗannan sunaye ba, amma maganganun ƙungiyoyin biyu suna yawo a majalisunmu. Uban da ya bar ɗansa ya kwashe rani yana zaman shayi, littafi bai buɗe ba, sannan sakamako ya fito ya ce “babu rabo”, ya yi maganar Jabariyya. Wanda kuma ɗansa ya ci, ya dubi ɗan maƙwabcinsa da ya faɗi ya ce lalaci ne kawai, duk mai ƙoƙari sai ya samu, wannan ya taɓa maganar Ƙadariyya, ya manta da lafiya da ƙwaƙwalwa da gidan da Allah Ya ba ɗansa ba tare da ya roƙa ba.

Tafarkin Ahlus Sunna, wanda muka karanta tun a babin farko na Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, shi ne imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, tare da sanin cewa bawa yana da aikin da za a tambaye shi a kansa. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Nana Maryamu, wadda aka umarce ta da ta girgiza dabino tana cikin raunin haihuwa, alhali Allah Mai ikon zubo mata da shi ne ba tare da ta motsa ba. Ya ba mu labarin Annabi Yusufu, wanda ya san fari na zuwa, sai ya shekara 7 yana tanadin hatsi. Kuma sanannen hadisi ne cewa wani ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya haɗa ɗauri da dogaro. Manomin Adar ya fi kowa gane wannan. Yana shuka gero cikin ƙasa mai duwatsu, bai san ko ruwa zai sauka ba, amma ba mu taɓa ganin wanda ya ƙi shuka ya zo da igiyar ɗaurin dami ba. Hausawa suka ce Allah Ya ce tashi in taimake ka.

Kaso uku

Idan muka auna damar da ɗalibi ke da ita, za mu ga ta kasu gida uku, kuma yawancin ruɗaninmu daga cakuɗa su yake fitowa.

Kaso na farko yana hannun ɗalibi: zuwa aji, bitar darasi, rage barci da hira da latsa waya, tambayar abin da bai gane ba, da zaɓen fannin da ya dace da baiwarsa tun a lise, ko adabi ko lissafi ko kimiyyar halittu. Wanda bai ƙware a lissafi ba, amma ya nace sai injiniyanci domin ya ji suna, ya ɗauki kayan da ba na kansa ba. Ran wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar bak ba ta gyara abin da aka ɓata a shekara uku.

Kaso na uku, bari in gabatar da shi, yana hannun Allah Shi kaɗai: lafiya ranar jarrabawa, tambayar da za ta fito, yawan masu nema a wannan shekara, da tsawon rai. Wannan gaibu ne. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya yi maka alkawarin cewa lalle ɗanka zai ci, ko da rawani a kansa, ya sayar maka da abin da bai mallaka ba. Addu'a ibada ce, kuma muna yin ta, amma babu malamin da ke riƙe da mabuɗin amsarta.

Kaso na biyu shi ne wanda muka fi gudun maganarsa, domin yana hannunmu, mu iyaye da jama'a da hukuma. Ku dubi yara biyu masu ƙwaƙwalwa iri ɗaya. Ɗaya a Yamai yake, akwai lantarki a gidansu, iyayensa suna jin Faransanci, ana biya masa malamin bita. Ɗaya ɗan ƙauyen Barmu ne, ya fara jin Faransanci ranar da ya shiga aji, an kai shi Tawa ya zauna a gidan wani mai masauki, da safe ya ɗebo ruwa kafin ya tafi lise, wani lokaci da yunwa, idan dare ya yi babu fitila. Ko da yake dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, da Faransanci wannan yaro zai amsa tambayoyin lissafi da kimiyya. Ga kuma kiran cin rani: sa'o'insa sun dawo daga Abijan da babur da waya, shi yana fama da alli. Idan wannan yaro ya sami 9 bisa 20, wancan ya sami 13, shin mun yi adalci idan muka ce rabo ne kawai, muka shafa fatiha muka tashi?

Sayyidina Umar ya ba mu amsa. Lokacin da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, sai ya juya da mutanensa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa. Yaron da muka bari a busasshen gefe, alhali muna da ikon matsar da shi, sakacinmu ne, kuma kiran sakaci da sunan ƙaddara ƙarya ce ake jingina wa Ubangiji.

A nan dole a ambaci ƴaƴa mata. Mutum ya cire ƴarsa daga kwaleji tana kan gaba a ajinsu, sannan ranar da ya kai matarsa asibiti ya yi ta ƙorafin cewa namiji ne zai duba ta. Daga ina likita mace da ungozoma za su fito idan kowa ya yi kamar yadda ya yi? Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta karantar da matan karkara ta hanyar ƴan taru, kuma babu malamin kirki da ya ce ta saɓa wa addini.

Haƙƙin wanda ba ka gani

Yanzu mu koma ga mai tambaya ta uku, wanda aka nuna wa hanya. Hanyoyin sanannu ne: sayen amsa kafin jarrabawa, shiga da waya ko takarda a ɓoye, ba da goro domin a ƙara maki, rage shekaru a takardar haihuwa domin a cika sharaɗin bursu, ko aika babban mutum ya sa baki. Mai yin haka yakan ce bai cuci kowa ba, ɗansa kawai ya taimaka.

Ku sani, ya ku bayin Allah, idan kujera 50 ce aka shigar da wanda bai cancanta ba, lalle an fitar da wanda ya zo na 50. Wannan yaro yana da suna, yana da uwa, wataƙila ta sayar da akuyarta ta saya masa littattafai. Bai san an zalunce shi ba, zai koma gida ya ce babu rabo, mutane su ba shi haƙuri. Wanda ya sace maka tunkiya kana iya kama shi, ko ka yafe masa. Wanda ya sace gurbin wani ba zai taɓa sanin fuskar mai shi ba, balle ya nemi gafararsa, sai ranar da za a tsayar da su biyu. Wannan ne ya sa zunubin ya yi nauyi. Manzon Allah (S.A.W.) ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, sai ya barranta daga mai algus. An kuma ruwaito la'ana a kan mai ba da rashawa da mai karɓa. Takardar shaida da aka saya tarin abinci ce mai jiƙaƙƙen ƙasa, kuma cutarta ba ta ƙarewa ranar shiga jami'a. Wanda ya shiga likitanci da sata, wata rana zai tsaya a kan maras lafiya da allura a hannu, kuma maras lafiyan yana iya zama uban da ya biya kuɗin.

Akwai hujja mai ƙarfi da ake kawowa, kuma bai kamata a raina ta ba. Uba zai ce: “Kai da kanka ka faɗa cewa ba a fara tseren daga wuri ɗaya ba. Masu hali suna yi wa nasu. Idan ban yi ba, ɗana ne kullum a baya. Kuma ai malamai sun yi rangwame ga wanda ya ba da wani abu domin ya karɓi haƙƙinsa.” Gaskiya ne wasu malaman fiƙihu sun yi wannan rangwame, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Amma sharaɗinsa shi ne haƙƙin ya riga ya tabbata naka ne, azzalumi ya tare shi, babu wata hanya. Gurbin da ake gasa a kansa bai zama haƙƙin kowa ba sai wanda ya ci gasar. Saboda haka mai biya kafin sakamako yana sayen haƙƙin wani ne. Sannan ka tambayi kanka wane ne ake turewa. Ɗan mai hali ba ya turuwa, domin nasa ya fi naka hanya. Wanda zai faɗo talaka ne irinka, wataƙila daga Takanamat ko Bambai, wanda ubansa ya ji tsoron Allah. Ka rama zaluncin da manya suka yi maka a kan wanda ya fi ka rauni. A Amurka, a 2019, an bankaɗo attajiran da suka biya maƙudan kuɗi aka shigar da ƴaƴansu manyan jami'o'i ta hanyar ƙarya, wasunsu suka yi zaman kurkuku. Idan kotun mutane ta ga laifin, ina ga kotun da ba a ɓoye mata komai?

Haka batun sa baki yake. Ceto na alheri yana da lada idan ka nuna wa yaro inda zai kai takardunsa, ko ka tsaya masa kada a danne shi. Idan kuwa sa bakinka zai tsallakar da na baya a kan na gaba, ya zama cin amana. Ko addu'a tana da ladabi a wannan wuri. Babu laifi ka roƙa wa ɗanka nasara, amma mafi kyau ka roƙi Allah Ya ba shi abin da ya fi alheri ga addininsa da rayuwarsa, Ya kuma ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Wanda bakinsa ya kasa furta rabin ƙarshe na wannan addu'a, ya binciki zuciyarsa.

Idan ƙofa ta rufe, idan kuma ta buɗe

Darajar ɗan Adam ba a rubuta ta bisa 20. Malaman tarihi sun faɗi cewa Sibawaihi ya fara da neman hadisi a Basra, ya yi kuskuren Larabci a gaban malaminsa Hammadu ɗan Salama, aka gyara masa a cikin jama'a, sai ya juya ga nahawu har ya zama limamin wannan fanni. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Malamin ya wuce zuwa Makka, Shehu ya komo gida domin bai sami izinin mahaifinsa ba, kuma har ya bar duniya bai yi hajji ba. Abin da Allah Ya gudanar ta hannunsa a ƙasar Hausa bayan wannan komowa kowa ya sani. Saboda haka kada uba ya wulaƙanta ɗan da ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai samu ba. Akwai sake zama, akwai jami'ar Tawa a kusa da mu, akwai makarantun koyon sana'a da malanta da aikin jinya da noma. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Wanda kuma aka buɗe masa, ya sani bashi ya ci. Imam Gazali ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, wato ilmin da idan gari ya rasa mai shi kowa ya yi laifi. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatun kimiyya mai zurfi a Faransa, ya komo ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken yadda ƙasarsa za ta amfana da hasken rana har ya rasu a 1991. Kujerar da ka zauna a kai wasu 10 ko 20 sun so ta. Idan ka gama ka manta da rijiyar garinku da asibitin da babu likita, ka ci amanar waɗanda aka hana domin a ba ka.

Abin da ke kanmu

Tun da kaso na biyu ne a hannunmu, a kansa za a tambaye mu. Ƴaƴan Adar da ke fatauci a Abijan da sauran ƙasashe sun gina masallatai da gidaje a garuruwansu, Allah Ya saka musu. Ina kira gare su, da sauran masu hali, su ƙara da wani gini: kowane gari ya kafa asusu a hannun amintattu, a kama ɗaki a Tawa domin ɗaliban garin, maza daban mata daban tare da mai kula da su, a saya musu fitila mai aiki da hasken rana da littattafai da buhun gero. Ɗalibi matalauci yana cikin waɗanda zakka ta halatta a gare su, kuma wakafi a kan ilmi sadaka ce mai gudana. Masu masauki su ji tsoron Allah, kada su mai da ɗan amana bara. Waɗanda suka riga suka shiga jami'a, idan sun zo hutu, su zauna da ƙannensu su yi musu bita, su kuma gaya musu lokacin ajiye takardu da sharuɗɗan bursu, domin yara da yawa rashin labari ne ke kayar da su. Malaman makaranta da masu tsaron jarrabawa da masu gyaran takardu su tuna cewa alƙalamin da ke hannunsu ma'auni ne, kuma Allah Ya yi gargaɗi mai tsanani ga masu tauye mudu.

Idan ɗalibi ya cika nasa, mu muka cika namu, aka tsare haƙƙin kowa, to a lokacin ne kalmar rabo za ta fito daga bakinmu da gaskiyarta, kuma zuciya ta natsu da abin da Allah Ya hukunta.

Ya Allah, Ka buɗa wa ƴaƴanmu maza da mata ƙofofin ilmi mai amfani, Ka tsare su daga haram da cin haƙƙin wani, Ka ba wanda ya samu godiya, Ka ba wanda ya rasa haƙuri da canji mafi alheri. Ka ba mu damina mai albarka, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.